Yadda Za Ka Yi Kwas Ɗin EIA Ta Intanet Daga Sakkwato, Mataki Bayan Mataki

Tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa daga matasan da suka gama Jami'ar Ɗanfodiyo da jami'ar jiha da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi, har da wasu ma'aikatan gwamnati: ta ina mutum zai fara koyon nazarin tasirin ayyuka ga muhalli, wanda aka fi sani da EIA, ba tare da ya tattara nasa ya nasa ya koma Abuja ko Legas ba? Wasu kuma sun riga sun ga talla a WhatsApp, kwas na kwana uku da takardar shaida wai ta ƙasa da ƙasa, suna son a ce musu su biya ko su riƙe kuɗinsu.

Ana iya yi daga nan Sakkwato, kuma aikin yana da kasuwa. Babbar hanyar da ta tashi daga Illela zuwa Badagry, ayyukan ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace da Bankin Duniya ke tallafa wa a jihohin Arewa 19 da Abuja, masana'antar siminti ta Kalambaina, noman rani a ƙarƙashin madatsar Goronyo, duk irin ayyukan da ba sa tafiya sai da rahoton muhalli ne. Sai dai wanda zai ɗauke ka aiki abu ɗaya yake son gani: ka iya rubuta babin rahoto da zai tsallake kwamitin bita. A kan wannan na jera matakan nan, kuma ina ba da shawarar a bi su a jere.

1. Fara sanin abin da kake nema

Masu tambayar nan ba buƙatarsu ɗaya ba. Wanda ya gama digiri a labarin ƙasa, kimiyyar halittu, sinadarai, aikin gona, injiniya ko nazarin zamantakewa, yana neman shiga kamfanin masu ba da shawara, kwas mai aikin gida da malami mai gyara masa yake bukata. Ma'aikacin ma'aikatar muhalli ko ta ayyuka da ake kawo masa rahoto ya duba, shi koyon bita ya fi masa amfani. Wadda ke aiki da ƙungiya mai zaman kanta ko wani shiri na Bankin Duniya, ƙa'idojin bankin ne abincinta na kullum.

Rubuta wa kanka layi ɗaya: bayan wata shida ina son in iya kaza. Duk kwas ɗin da bai kai ka can ba, bar shi komai arharsa.

2. Haɗa kayan aiki

Waya kaɗai ba za ta kai ka ba. Za ka iya kallon darasi da ita, amma taswira da jadawali da rahoto mai shafi ɗari biyu sai kwamfuta. Laftof na hannu ya isa, in dai ƙwaƙwalwar aikinsa ta kai gigabait 8. Mai 4 yana buɗe manhajar taswira, amma da jan ƙafa. Kafin ka biya kuɗinsa, cire caja ka ga awa nawa batirin zai yi. A garin da wuta ke zuwa ta koma, batiri ya fi kyan jiki muhimmanci.

Sai layi biyu na kamfanoni daban, domin ranar da ɗaya ya ƙi ka koma ɗayan. Sai abin saƙala wa kunne mai makirfo. Sai imel mai ɗauke da cikakken sunanka, wanda da shi za ka yi rajista ko'ina. Ka ɗauki hoton takardunka na makaranta, na bautar ƙasa da katin shaidar ɗan ƙasa, ka mayar da su PDF ka ajiye wuri ɗaya.

Manhajoji huɗu za ka saukar, dukkansu kyauta: QGIS na zana taswira, Google Earth Pro na duba wuri daga sama da ganin yadda ya canja cikin shekaru, KoboCollect na tattara amsoshin jama'a a waya ko babu sabis, da Zoom. Excel da Word kuwa dole hannunka ya faɗa da su tun kafin a fara.

Hattara: QGIS yana da nauyi wurin saukewa. Yi da dare lokacin da data ke da rangwame, ko ka karɓa a filashi wurin wanda ya riga ya saukar. Kada ka bari sai ranar da malami ya ce kowa ya buɗe.

3. Karanta dokar gida kafin ka biya kowa ko sisi

Yawancin kwasa-kwasan intanet an gina su kan dokokin Ingila, Kanada ko Indiya. Tsarin tunanin ɗaya ne, amma ofisoshi da wa'adi da takardu sun bambanta. Wanda bai san na Najeriya ba sai ya gama kwas ya zo yana maganar hukumomin da babu su a nan.

Nemi dokar EIA ta 1992, wadda aka fi kira doka mai lamba 86, yanzu kuma take Babi na E12 a kundin dokokin tarayya na 2004. Ba ta da tsawo. Ka fi mai da hankali ga jadawalin da ke ƙarshenta, inda aka lissafa ayyukan da nazari ya zama tilas a kansu. Misali aikin ban ruwa da ya kai hekta 5,000, rukunin gidaje da ya kai hekta 50, madatsar ruwa da faɗin tafkinta ya kai hekta 200, da wurin fasa dutse da ke cikin tazarar kilomita 3 daga gidajen jama'a.

Sannan ka haddace jerin yadda aiki ke tafiya a Sashen Tantance Muhalli na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Mai aiki ya miƙa bayanin aikinsa ya yi rajista. Jami'ai su zo su ga wurin, su sa aikin a rukuni na ɗaya mai bukatar cikakken nazari, ko na biyu mai bukatar taƙaitacce, ko na uku. A tsara iyakar nazarin a amince da takardar sharuɗɗan aiki. A shiga fili a tattara bayanai. A rubuta daftarin rahoto. A baje shi ga jama'a kwana 21 na aiki. Kwamitin masana ya zauna a kansa, a yi gyara, a miƙa na ƙarshe, a ba da takardar amincewa, daga nan sai sa ido lokacin da aikin ke gudana.

Bayan doka, saukar da rahotanni biyu na gaske ka karanta. Sashen yana baje wasu a shafinsa na intanet, Bankin Duniya ma yana wallafa na ayyukan da yake tallafa wa. Zaɓi na aikin da aka yi a Arewa maso Yamma. Ba sai ka gane komai ba a karon farko, so ake idonka ya saba da yadda babi ke bin babi.

4. Fara da na kyauta

Wannan shi ne matakin da ake yawan tsallakewa, ana ganin abin kyauta ba shi da daraja. Kuskure ne. Bankin Duniya yana da kwas na kyauta a dandalinsa na koyo, sunan kwas ɗin ESF Fundamentals, wanda ke bin ƙa'idoji goma na muhalli da zamantakewa da bankin ya fara aiki da su a 2018. Da imel kawai ake buɗe asusu, kuma kai ke tsara lokacinka. Duk mai son aiki a shiri irin ACReSAL da wannan zai fara, domin da harshen ƙa'idojin nan ake rubuta tallar aikin, da shi kuma ake yin tambayoyi ranar ganawa.

Hukumar IFC, ɓangaren bankin mai hulɗa da kamfanoni masu zaman kansu, tana da ƙa'idoji takwas na 2012, kuma su bankunan kasuwanci ke dubawa idan za su ba babban kamfani rance. Cibiyar IISD ta Kanada tana da shafin koyon EIA kyauta da ya raba aikin gida bakwai, da sauƙin Turanci. Akwai laccocin NPTEL na jami'o'in Indiya a YouTube, masu zurfi wajen hanyoyin auna tasiri, sai dai duk inda malamin ya shiga dokar Indiya ka koma taka. Littattafan darasi na Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ke da cibiya a nan Sakkwato, su ma ana samunsu a intanet, kuma da misalan Najeriya aka rubuta su.

Ba wa wannan mataki wata ɗaya zuwa biyu. In ka kasa gama na kyauta, na kuɗi ma ba za ka gama ba, gara ka gane haka tun kuɗinka na aljihu.

5. Zaɓi kwas na kuɗi, ka tantance shi

A cikin gida, wuri na farko da za ka leƙa shi ne shirin SPESSE, wanda Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ke gudanarwa da tallafin Bankin Duniya. Yana da cibiyoyi shida: Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa Bauchi, da na Makurɗi, Owerri, Benin da Legas. Suna da gajerun kwasa-kwasai, da babbar takardar shaida, da difloma ta gaba da digiri, har digiri na biyu, a fannin ƙa'idojin muhalli da na zamantakewa. Zariya ce mafi kusa da mu. Shiga shafin cibiyar da kanka ka ga wane zango ake ɗauka, wane ɓangare ake yi ta intanet, wane kuma sai ka je da ƙafarka.

A waje, ƙungiyar IAIA ta masana nazarin tasiri ta duniya, wadda aka kafa a 1980, tana da kwas na intanet mai suna Foundations of Impact Assessment. Yana ɗaukar kusan wata uku, kuma ana haɗa ɗalibi da gogaggen malami da ke duba aikinsa. Da dala ake biya. A ganina, ga mai hali, irin wannan tsari na malami mai gyara maka rubutu shi ne abin da ya cancanci kuɗi. Bidiyo da tambayoyin zaɓi-ɗaya kam ka riga ka same su kyauta a mataki na huɗu.

Duk wani kwas da ka gani a talla, yi masa waɗannan tambayoyi kafin ka tura kuɗi. Su wane ne malaman, kuma wane rahoto suka taɓa sa hannu a kai? Mai aikin gaske sunansa yana cikin jerin masu shirya rahoto a shafukan farko, ana iya dubawa. Awa nawa ne darasin gaba ɗaya? Akwai aikin gida da mutum zai duba, ko na'ura ce ke ba da maki? Wa ke ba da takardar, kuma akwai lambar da wani zai shigar ya tabbatar da ita? In sun ce suna haɗin gwiwa da wata jami'a ko ƙungiya, shiga shafin ita jami'ar ka nemi sunansu a can. Tambari a jikin fosta kowa na iya mannawa.

Hattara: duk wanda ya ce kwas ɗinsa zai ba ka lasisin yin EIA a Najeriya, ka ja baya. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke tantance kamfanonin da ke wannan aiki da ɗakunan gwaje-gwajensu, ba mai shirya kwas ba. Haka wanda ke cewa yau ne rana ta ƙarshe, kujera biyu ta rage. Kwas na kirki yana da zango na gaba.

6. Lissafa kuɗin duka, sannan ka biya

Kuɗin kwas ɗaya ne daga cikin biyar. Akwai na rajista ko fam, akwai na karatun, akwai data, akwai wuta, wato man janareta ko kuɗin caji, akwai kuma na fita fili da buga takardu. Wasu masu kwas ɗin suna raba kuɗin takardar shaida daban, ba sa faɗa sai an gama. Tambaya tun farko, a rubuce.

Ga yadda ake lissafin data. Awa ɗaya a Zoom da bidiyo a buɗe tana iya cin kusan gigabait ɗaya, wani lokaci fiye. A ce kwas na mako 12 ne, awa biyu kowane mako, ka ga gigabait 24 ke nan kafin a zo ga saukar da takardu da hotunan tauraron ɗan'adam. Rufe kyamararka in ba magana kake ba, cin zai ragu sosai. Na dala kuma, a ce kwas dala 200 ne, dala tana naira 1,500, naira 300,000 ke nan, sai ka ɗora abin da banki zai cira. Misali ne kawai, ranar biya ka duba farashin ranar.

Jami'o'in tarayya ta Remita ake biyansu. Za ka ciro lambar biyan kuɗi da ake kira RRR daga shafin makarantar, ka biya a banki ko ta waya, ka adana rasit. Na ƙasar waje kuwa, je bankinka ka tambaya ko katinka na naira yana biya a waje da iyakar abin da aka yarje maka, domin wannan ƙa'ida tana yawan canjawa. In bai yi ba, sai asusun dala.

Hattara: kada ka tura kuɗin makaranta asusun mutum, ko da ya ce shi jami'in cibiyar ne. Kuma ka rubuta sunanka a rajista daidai da yadda yake a takardar digirinka, harafi da harafi. Mu nan Muhammad da Mohammed da Muhammadu duk mutum ɗaya ne, amma ga mai tantance takardu mutum uku ne, gyara kuwa bayan an buga takarda wahala ce.

7. Ɗauki wuri ɗaya ka riƙa gwada kowane darasi a kansa

Nan ne ake rabuwa tsakanin wanda ya kalli kwas da wanda ya koya. Tun makon farko zaɓi wani aiki kusa da kai, na gaske ko wanda ka ƙaddara, ka buɗe masa fayil. Injin casar shinkafa, majema, ramin ɗibar jar ƙasa, ƙaramin aikin ban ruwa a fadamar Rima, duk sun yi. Bari mu ƙaddara wurin fasa dutse kilomita 2 daga wani ƙauye.

Ranar da aka koyar da tantancewar farko, buɗe jadawalin doka. Kilomita 2 bai kai 3 ba, saboda haka nazari ya zama tilas. Rubuta wannan a sakin layi ɗaya da hujjarsa.

Ranar tsara iyakar nazari, buɗe Google Earth Pro ka zana da'ira kewaye da wurin. Me ke ciki? Gonaki, rijiyoyi, makarantar firamare, maƙabarta, burtali, hanyar da tifofi za su bi. Koma da hoton baya shekara goma ka ga inda gari ke faɗaɗa. Sannan ka je ka gani da idonka, gani ya kori ji: hoton sama ba ya nuna maka cewa wancan fili da ya yi kama da fako nan ne mata ke itace, nan kuma garke ke kwana bayan girbi. Daga abubuwa ashirin da ka lissafa, fitar da biyar ko shida da suka fi nauyi. Wannan zaɓen shi ne gwanintar, domin rahoton da ya ba komai nauyi ɗaya bai ce komai ba.

Ranar bayanan yanayin wuri kafin aiki, ka tuna ƙasarmu fuska biyu gare ta. Manyan ayyuka akan bukaci a ɗauki bayanansu damina da rani, kuma a Sakkwato bambancin ba kaɗan ba ne. Ruwa yana sauka ne galibi daga Yuni zuwa Satumba. Wanda ya auna ƙura a Janairu cikin hunturu zai samu adadi mai yawa tun kafin a fasa dutse ko ɗaya. Wanda ya auna a Agusta kaɗai zai ce iskar wurin tas take. Iska kanta juyawa take: da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma. Ke nan ƙauyen da ƙurar za ta rufe a Disamba daban, wanda za ta rufe a Yuli daban. Kwas ɗin da aka shirya a Turai ba zai faɗa maka wannan ba, kai za ka kawo shi, kuma irin abin da ke sa malami ya gane da gaske kake ke nan.

Abubuwan da ake aunawa sun haɗa da ƙurar iska mai lamba PM10 da PM2.5, ƙara da ma'aunin desibel, tsami da gishirin ruwan rijiya, zurfin ruwan ƙasa, irin ƙasa, itatuwa da dabbobi, sai sana'o'i da lafiyar mutane. Manhajar auna ƙara ta waya ta isa gwaji, amma adadinta ba ya shiga rahoton gaske, sai na'urar da aka daidaita. Samfurin ruwa kuma a cikin kula mai ƙanƙara ake sa shi, a kai ɗakin gwaji a ranar. A zafin Afrilu da ke haura digiri 40, kwalbar da ta wuni a but ɗin mota ta tashi daga aiki.

Ranar auna tasiri, buɗe Excel. Jera ayyukan a gefe ɗaya: share fili, fasa dutse da nakiya, niƙa, jigila, rufe wuri. Jera abubuwan da za su taɓu a sama. Kowane mahaɗi ka ba shi maki na girma da na muhimmanci, ka rubuta dalili. Wannan shi ne jadawalin Leopold na 1971 da za ka ji ana ta ambata. Kada ka manta da bayan an tashi: ramin da aka bari yana cika da ruwa da damina, yara su je wanka, sauro ya samu gida. Kada kuma ka manta da zaɓin barin aikin gaba ɗaya, da na matsar da shi wani wuri, domin masu bita suna nemansu.

Ranar matakan kariya, bi jerin yadda yake: a kauce wa illa in zai yiwu, in bai yiwu ba a rage ta, a gyara abin da ya lalace, diyya ce ta ƙarshe. Kowane mataki ya zo da wanda zai yi, yaushe, nawa zai ci, da yadda za a gane an yi. "A riƙa yayyafa ruwa" ba mataki ba ne. "Ɗan kwangila zai yayyafa ruwa a hanyar da ta ratsa ƙauye safe da yamma daga Nuwamba zuwa Mayu, daga rijiyar burtsatsen kamfani" shi ne mataki, kuma ka lura an faɗi inda ruwan zai fito, don kada a kashe ƙura da ruwan shan mutane.

Batun fili ka tsaya a kansa sosai. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 tana biyan diyyar abin da ke kan fili ne, gini da shuka da itatuwa. Ƙa'ida ta biyar ta Bankin Duniya ta wuce nan: tana neman a biya abin da zai isa a maye gurbin abin da aka rasa, kuma tana lissafa har wanda ba shi da takarda. A ƙauyukanmu wannan ya haɗa da mai noman aro, da wanda gona ke hannunsa jingina, da magadan da ba a raba musu ba, da makiyayin da burtalinsa ya toshe. Ɗalibin da ya iya jera bambancin nan a teburi ɗaya ya riga ya wuce da yawa daga masu takarda.

Ranar tuntuɓar jama'a, tsara tambayoyi goma a KoboCollect da Hausa. A nan ba a shiga gari da takarda a hannu kai tsaye. Uban ƙasa ake fara gaisarwa, ya haɗa ka da hakimi, shi kuma da mai unguwa. Ka faɗi gaskiya cewa ɗalibi ne kai, gwaji kake, babu aiki babu diyya, don kada a wayi gari ana rubuta sunaye. Taron ƙofar fada maza dattawa ne za su cika shi. Matan da ke cikin gida sai mace ta shiga wurinsu, shi ya sa 'yan'uwa mata da suka koyi wannan aiki ake nemansu. Makiyaya kuma sai ka bi su ruga ta hannun arɗo, da mai jin Fulatanci.

Hattara: kada aikin gwaji ya kai ka yankin da ake fama da 'yan bindiga. Zaɓi wuri kusa da gari inda aka san ka, ka tafi da ɗan gari, ka dawo da rana. Kada ka ɗauki hoton masana'anta ko ka shiga harabarta ba izini.

8. Tsara mako

Awa shida zuwa takwas a mako sun isa yawancin kwasa-kwasan, in an raba su. Bayan asuba ya fi, kafin zafi ya taso kuma sabis bai cunkushe ba. Darasin kai tsaye duba agogonsa da kyau: mu muna gaban GMT da awa ɗaya, kuma Turai da Amurka suna canja agogonsu sau biyu a shekara, mu ba ma canjawa. In lokacin ya faɗa kan Juma'a ko magariba, ko zangon ya ratsa azumi, rubuta wa malami tun makon farko ka nemi a riƙa turo maka rikodin. Duk abin da ake iya saukewa ka sauke ranar da sabis ya yi kyau.

9. Aikin gida da jarrabawa

Kwafe shi ne ciwon wannan fanni. Ana samun rahoton da aka ɗauko daga na wani aiki a Kudu, har da itatuwan bakin teku a ciki, aka canja sunan gari kawai. Masu bita sun san wannan, malamai ma suna da manhajar kama shi. Rubutun da ka sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta yi maka shi ma ana gane shi, domin zai yi ta zuba ba tare da sunan rijiya ɗaya ko ƙauye ɗaya ba. Duk adadin da ka kawo ka faɗi inda ka samo shi da shekararsa.

Tura aiki kwana ɗaya kafin wa'adi. Jarrabawa mai lokaci kuma kada ka fara ta sai laftof ya cika, layi na biyu yana kusa. In sabis ya yanke a tsakiya, ɗauki hoton allon da ke nuna lokaci ka tura wa masu kwas nan take. Gyaran da malami ya yi maka kada ka karanta ka rufe. Sake rubuta babin da gyaran a ciki, ko ba a nema ba.

10. Bayan takarda ta fito

Sauke ta, ka ajiye a wuri biyu, ka adana lambar tabbatarwa. Sannan ka haɗa fayil ɗin gwajinka ya zama ɗan rahoto mai shafi goma sha biyar zuwa ashirin: taswira ɗaya da ka zana a QGIS, jadawalin tasiri, teburin matakan kariya, da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da Turanci da Hausa. A rubuta a bangonsa cewa aikin gwaji ne.

Da wannan za ka nemi kamfanin da ma'aikatar tarayya ta tantance ya ɗauke ka aikin fili. Yawancinsu daga Abuja, Kaduna ko Legas suke zuwa, kuma in aiki ya kawo su Sakkwato suna bukatar ɗan gari mai jin harshe da ya san hanya. Sunayensu suna jikin rahotannin da ka saukar a mataki na uku. Ka kuma riƙa sauraron sanarwar baje rahoto a rediyo da jarida; in an baje na wani aiki a jihar nan, je ma'aikatar muhalli ta jiha ko sakatariyar ƙaramar hukumar ka karanta, ka rubuta ra'ayinka cikin wa'adin kwana 21, ka halarci zaman bita in an buɗe shi ga jama'a. A can ake haɗuwa da masu aikin. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli ma tana bukatar masana'antu su riƙa yin binciken muhalli duk shekara uku, wannan wata ƙofa ce ta ƙananan ayyuka.

In an ɗauke ka, ku yi magana a kan kuɗin yini da na mota da masauki kafin a fita, a rubuce ko da saƙon waya ne. Ka kuma roƙi a sa sunanka cikin jerin masu shirya rahoton tare da aikin da ka yi, domin shi za ka nuna wa kamfani na gaba. Buɗe kamfanin kanka, da rajistar hukumar kamfanoni ta CAC da neman tantancewar ma'aikata, ka bar shi sai sunanka ya fito a rahoto uku ko huɗu, ka kuma samu abokan aiki daga fannoni daban: mai ruwa da ƙasa, mai tsirrai da dabbobi, da mai nazarin jama'a.